Rigar Babana a Shekarar Agana

Shekarun baya can, tun Turawa ba su tafi ba, ina da goyon fari, muna zaune a Samaru a barikin ma'aikatan gonar gwaji, inda maigidana yake aikin auduga. Iyayena kuma suna Sabon Gari, a wani gidan haya kusa da layin dogo. Babana mai gadin sito ne a tashar jirgi. Mutumin ƙauye ne da ya shigo gari da ƙuruciyarsa, kuma duk abin da ya mallaka a duniya babu wanda yake ji da shi kamar wata babbar riga shuɗiya, saƙar hannu, wadda mahaifinsa ya bar masa. Ita yake sawa ranar Lahadi in za shi coci.

Da ranin shekarar nan agana ta shigo gari. Duba-gari suka riƙa bi gida-gida ana yi wa mutane lambar rigakafi a dantse. Duk wanda ƙuraje suka feso masa sai a ɗauke shi zuwa wasu bukkoki a bayan gari. Aka hana taro a gidan da ciwon ya shiga, aka ce kayan da mara lafiya ya kwanta a kai ko ya sa a jikinsa duk a ƙone su. Ni da maigidana an yi mana lamba a wurin aikinsa. Jaririyata ce aka ce a jinkirta mata, saboda tana fama da zazzaɓi ranar da masu lambar suka zo.

A cikin haka aka aiko mana cewa an kai babana bukka. Kafin in gama roƙon maigidana ya bar ni in je, wani saƙon ya iso cewa ya rasu, har ma'aikata sun binne shi. Fasto ne kawai aka bari ya tsaya daga nesa ya yi addu'a.

Na ɗauki gyalena zan fita, maigidana ya tare ƙofa.

"Ki yi haƙuri," ya ce. "In kin shiga gidan nan, da wane jiki za ki dawo ki ba yarinyar nan nono?"

Na gaya masa maganganun da har yau ba na son maimaitawa. Bai matsa daga ƙofar ba. Kwanaki suka shige ina kuka ina shayarwa. Sai wata mai tallan daddawa da ke zuwa daga Sabon Gari ta kawo mini saƙon mahaifiyata: wai ta gode, ashe auren ma'aikaci yana sa mutum ya manta wanda ya haife shi.

Da maigidana ya ji saƙon, sai ya ce ranar Asabar zai ɗauke ni a keke. Amma za mu bar jaririya wajen maƙwabciyarmu, kuma ba za mu wuce bakin zaure ba, ba za mu zauna ba, ba za mu sha ko ruwa ba. Na amsa da to. A raina kuwa cewa nake, bari dai mu isa, mu ga wanda zai riƙe ni.

Muna isa na tarar gidan tsit. Sauran 'yan haya duk sun rufe ɗakunansu. Mahaifiyata tana zaune a kan turmi a tsakar gida, ta rame, ga tabon lamba sabo a hannunta. Na yi sallama daga zaure, na durƙusa.

"Inna, ya haƙuri?"

Ko kallona ba ta yi ba. "Haƙuri sai ma'aikata," ta ce.

Duk jarumtar da na ɗauko daga Samaru a nan ta ƙare. Ban wuce zauren ba.

Sai ga baffana, ƙanin babana, ya fito daga ɗaki. Ashe tun jiya ya zo daga ƙauye. Shi agana ta taɓa kama shi yana yaro, fuskarsa duk zanzana, shi ya sa ba ya tsoron shiga ko'ina. A hannunsa yana riƙe da rigar babana, ya ninke ta zai sa a buhu.

Maigidana ya gaishe shi, sannan ya ce, "Baba, wannan rigar ba ta cikin kayan da aka ƙone?"

Mahaifiyata ce ta amsa, fuskarta a bango. "Na ba duba-gari tabarma, na ba su matashi, na ba su bargo. Ita na ɓoye ta a cikin tukunya. Sai me?"

"Inna, ya sa ta da ciwon ya kama shi?" na tambaya.

Ta ce, "Sanyi yake ji. Ya ce in lulluɓa masa ita."

Daga inda nake tsaye ina hango wuyan rigar, wurin da ruwan ƙurajen ya bushe ya yi tauri.

Baffa ya ce, "Rigar ubanmu ce. Daga hannunsa ta zo wurin yayana, yanzu za ta koma gida. Ba a bar mu mun ga gawarsa ba, ba a bar mu mun yi zaman makoki ba. In na koma hannu biyu, me zan nuna wa dangi?"

"Baba, ciwon yana cikin rigar nan," maigidana ya ce.

"Dube ni da kyau. Ciwon nan ya gama da ni tun ba a haife ka ba."

"Kai ya gama da kai. Na gida fa?"

Baffa ya ajiye buhun. "Kai yaro, mace muka ba ka, ba mu ba ka gida ba. Wa ya sa bakinka a kayan gadonmu?"

Na ga wuyan maigidana ya kumbura. Mutum ne mai kunyar surukai, bai taɓa ɗaga ido ya dubi baffa ba sai ranar. Ya juya ya kama kekensa.

"To, ni zan je in kira duba-gari."

Kowa ya san wanda aka kama ya ɓoye kayan mai agana gaban alƙali ake kai shi. Mahaifiyata ce za a tasa a gaba a tsakiyar Sabon Gari, mijinta ko wata bai yi a ƙasa ba. Na riƙe sirdin keken da hannu biyu.

"Don Allah, maigida, kada ka yi mini haka."

"Sake mini keke."

"Ba zan saki ba."

"Sake shi ya je!" baffa ya daka tsawa. "Ya je ya kawo su, duniya ta ji surukin da ya kai uwar matarsa ƙara."

Ya ja, na ja. Ƙofofin 'yan haya suka fara buɗewa kaɗan-kaɗan. Ni ban ma san nono ya zubo mini ba, har ya jiƙa gaban rigata. Lokacin shan yarinyar ya wuce.

Mahaifiyata ta gani. A lokacin ne ta dube ni sosai tun da na zo.

"Ke, ina kika bar yarinyar?"

"Wajen maƙwabciya, Inna. Ba a yi mata lamba ba tukuna."

Ta juya wajen baffa. "Naka yaran fa, an yi musu?"

"Mu masu lamba ba su iso mu ba."

"Matarka ba ta kusa haihuwa ba?"



Ta tashi daga kan turmin a hankali, ta miƙa masa hannu. "Ba ni."

"Matar yaya, kada ki biye wa yaran nan."

"Ni na lulluɓa masa, ni na ɓoye. Ba ni."

Ya ba ta, ina jin don bai zaci abin da za ta yi ba. Ta wuce murhu, ta ɗauko kwalbar kananzir ta fitila, ta shimfiɗa rigar a ƙasa a tsakiyar gida. Sai da ta gyara hannayen rigar, ta shafe ninkin da tafinta, sannan ta zuba kananzir ta kawo garwashi. Baffa ya yi ihu ya yunƙura, amma wuta ta riga ta tashi.

Na saki keken na nufe ta. Ta ɗaga mini hannu.

"Tsaya inda kike. Kina da goyo."

Haka muka yi kukan mutuwar babana, ita a gindin wuta, ni a bakin zaure, babu wadda ta taɓa wata. Baffa ya ɗauki buhunsa ba komai a ciki ya fice, bai yi wa kowa sallama ba. Mu ma muka hau keke muka koma Samaru. Sai da na yi wanka na dafa kayan jikina a tukunya kafin na karɓi 'yata.

Ba zan ce muku komai ya gyaru daga ranar ba. Agana ta wuce, aka buɗe gari, amma mahaifiyata ta kusa shekara ba ta amsa gaisuwar maigidana da fiye da "lafiya". In ranta ya ɓaci da ni kan wani abu can dabam, sai ta ce, "Ai ku ne kuka sa na ƙone rigar ubanki." Na sha wannan gorin har na yi furfura. Baffa kuwa bai sake taka gidanmu ba har ya bar duniya. Har yanzu in na tuna ranar, na san da maigidana ya fizge keken nan ya tafi, ban ga yadda zan ci gaba da zama da shi ba, ko da kuwa shi ne mai gaskiya.

Bayan rasuwar mahaifiyata na je ƙauye gaisuwa, na zauna da 'yar baffa, wadda aka haifa a shekarar nan ta agana. Hira ta kai mu kan rigar. Ina ta shirin ba da haƙuri a madadin maigidana, sai na ga tana dubana da mamaki.

"Wane maigidan naki kuma?" ta ce. "Ai babanmu bai taɓa yarda a tayar da zancen ba. Abin da muka taso muka ji shi ne, innarki ce ta zo nan da kanta bayan ciwon ya lafa, ta tara dangi ta ce ita kaɗai ta ƙone rigar, ba wanda ya sa ta. Ta ce duk mai jin haushi ya ji da ita."