Ɗakin Suyar da Na Rushe da Hannuna

Shekarun baya, zamanin Nasara, lokacin da gyaɗa ke da daraja a ƙasar Magarya, ina sabon maigida a wani ƙauye kusa da Dungas. Maiɗakina tana suyar gyaɗa, ta matse mai, ta yi ƙuli-ƙulin kasuwa. Ni kuwa, don abokaina su ga na isa, na gina mata ɗakin suya na ƙasa, ba taga ko ɗaya. Na ce matata ta wuce aiki a rumfa.

Wata biyu ba su cika ba idanunta suka yi ja. Ta ce suna mata zafi da ƙaiƙayi, kamar an zuba yashi. Ba ta iya kallon hasken rana, da la'asar kuma sai ta riƙa gani dishi-dishi. Kullum sai in buɗe idon in hura, ba na ganin komai. Ga hawaye ba ya tsayawa. Sai zuciyata ta raya mini kuka take, ba ta son zama da ni. Na ce ta haɗa kayanta in mayar da ita Bande wurin iyayenta.

Mahaifiyata ta tare ƙofa. "Kai, ka taɓa ganin mai baƙin ciki tana waƙa a kan turmi? Shiga ɗakin nan ka yi suya ɗaya."

Na shiga. Ban juya gyaɗar sau goma ba na fito ina share hawaye. Mahaifiyata ta ce, "To, kai wane gida za mu mayar da kai?"

Washegari na ɗora matata a jaki zuwa likita a Magarya. Mai duba ta ya ce idon bushewa ya yi. Na ce, "Malam, idon da ke zuba haka?" Ya ce hayaƙi da zafin wuta ke ƙafar da damshin ido, shi kuma sai ya yi ta sako ruwan da ba ya zama. Hurawar da nake yi ma ƙara busar da shi take.

Da muka dawo na ɗauki gatari na rushe bangon, maƙwabta na dariya. Na kafa rumfa. Tana ɗora tsumma mai ɗumi a idon safe da yamma, kafin kaka idon ya washe.

Har yau ina jin kunyar maganar Bande. Amma mun tsufa tare, kuma ita ce ke zura mini zare a allura.