Ra Ɗin Larai Mai Kallon Hagu

Idan ka sauka a Gagarawa Tasha ka tambayi Larai mai zoɓo, za a ce maka wacce, domin Larai ba ta ƙarewa a ƙasar nan. Duk macen da aka haifa ran Laraba ta samu. Sai ka ce mai Ra ɗin hagu. Nan take za a nuna maka hanyar ƙauyensu ana dariya, amma dariyar ba ta raini ba ce.

Gajeriya ce, ta doshi sittin, tafin hannunta ja wur saboda ɓarar zoɓo. Tun da mijinta Malam Ubale ya rasu, gonar zoɓon nan ce cinta da suturarta. Buhu huɗu take samu in shekara ta yi kyau, ta ɗora su a mota ran Alhamis zuwa kasuwar Maigatari. Alamarta ƙyallen atamfa ne da take ɗaurawa a kunnen buhu, kamar yadda kowace mace a ƙauyen take yi.

Shekaru uku da suka wuce ƙyallen ya ci amanarta. Wajen sauke kaya ya kunce, buhu biyu suka shige cikin na jama'a. Ta yi rantsuwa, ta yi kuka, dillalin zoɓo, Cindo, ya ce shi dai bai ga suna ba. Waɗanda aka rubuta wa suna a buhu kuwa kowa ya ɗauki nasa. Rabin wahalar shekara ya tafi, har ta sayar da tunkiyarta kafin damina. A motar komawa ta yi wa kanta alkawari: buhunta ba zai sake fita ba suna ba, kuma da hannunta za ta rubuta.

Jikokinta na firamare za su iya rubuta mata. Amma wa ya isa ya gaya wa Larai haka? Ta ce ba za ta durƙusa wa wanda ta yi wa tsarki jiya-jiya ba. Girman kai ne, na yarda, sai dai shi ya kai ta ajin yaƙi da jahilci da aka buɗe wa mata a zauren mai unguwa.

Malama Ummulkhair ce ke zuwa daga Gumel, Litinin da Laraba bayan azahar. Yarinya ce a kan Larai, Iya ma take kiranta, amma a kan tsari ba ta da wasa. Baƙaƙe bi da bi take koyarwa, ba tsallake. Da aka kai L, Larai ta ga sunanta ya kusa haɗuwa: tana da L, tana da A, tana da I. Saura ɗaya a tsakiya, R, wanda suke kira Ra. Ta roƙi Malama ta ɗan gutsuro mata shi a gefe, Malama ta ce ta yi haƙuri, layi ake bi, Ra na nan zuwa. Larai ta riƙa rubuta LA, ta bar fili, ta rubuta AI, har matan aji suka sa mata La'ai.

Ran wata Laraba aka yi O. Ra ne na gaba. Ran Litinin mata goma sha ɗaya suka shimfiɗa tabarma suka jira har la'asar. Saƙo ne ya iso a bakin direba: an tsuke bakin aljihu a sama, an dakatar da alawus ɗin malamai, an rufe ajujuwan ƙauyuka sai yadda hali ya yi. Ashe Malama ta yi wata guda tana biyan kuɗin mota daga jakarta ba ta gaya wa kowa ba, har abin ya fi ƙarfinta. Baƙi ɗaya, jama'a! Wanda ya sa hannu a takardar rufewar bai san da wata Larai ba, balle ya san ya tsayar da ita ana saura taku ɗaya. Ni dai abin yana ƙona mini rai har yau.

Larai ta yi kwana biyu ba ta kula kowa. A na uku ta shiga motar Ɗantala direba za ta Gumel gaisuwar mutuwa, ya ba ta gaba saboda girmanta. Tana ta mita a kan Ra ɗinta, sai ya buga gilashin gaban motar da yatsa. Akwai wani tsohon rubutu da aka manna daga waje, rana ta cinye shi saura baƙi uku.

"Iya, ai ga shi nan a gabanki. RAI ke nan. Wutsiyar sunanki ce ma."

Ta duba. Ga A, ga I, ta san su. Ga kuma na ukun, mai tumbi da ƙafa ɗaya a miƙe. Ta karɓi bironsa ta zana shi a tafin hannu, ta dunƙule hannun har Gumel, ta yi gaisuwar da hannu a dunƙule. Abin da ba ta sani ba, shi ma Ɗantala hankalinsa na kan ramukan hanya bai lura ba, shi ne daga cikin mota take kallon rubutun, a juye. A da I ko ta ina ka kalle su ɗaya ne. Ra kuwa ya ba dama baya, ya fuskanci hagu.

Da wannan Ra ɗin ta tara matan a tsakar gidanta, Litinin da Laraba, lokacin da aka saba. Ta ce tunda an hana su malama, kowa ta fita farautar abin da ya rage mata. Wata mai suna Kyauta ta samo U a jikin buhun taki, wata ta tare ma'aikaciyar asibiti ta karɓo S da T. Da gawayi suke rubutu a bangon rumbu. Ra kuwa na Larai aka ɗauka, duk ƙauyen aka koye shi yana kallon hagu.

Da kaka ta yi, ta rubuta LARAI da fenti a buhunta huɗu, ta kai Maigatari. Aka sauke uku, na huɗu ya yi ɓatan dabo. Ta shiga bin buhunan jama'a ɗaya bayan ɗaya tana dubawa. Can aka gano shi a cikin kayan wata mata daga wajen Sule Tankarkar, ita ma Larai, ita ma da suna a buhunanta, kuma tsakaninta da Allah ta ɗauka nata ne. Cindo ya kife buhun, ya ce kowacce ta rubuta sunanta a ƙasa. Waccan ta ce ita maƙwabcinta ne ya rubuta mata. Larai ta tsuguna, ta share rairayi, ta rubuta da ɗan yatsa.

'Yan dako suka fashe da dariya, wai Ra ɗin Iya ya yi fushi ya juya baya. Cindo bai yi dariya ba. Ya birkito buhun, kowa ya leƙa. Ra ɗin jikinsa ma hagu yake kallo.

"Ɗauki kayanki, Iya," in ji shi. "Wannan ko a Damagaram aka tsince shi naki ne."

A cikin masu kallo akwai Malama Ummulkhair, wadda ta koma kasa kayan koli a kasuwar tun da aka rufe aji. Ta matso, ta durƙusa ta gaishe ta, idonta ya cika da ƙwalla, kunya da farin ciki sun haɗe mata. Ta roƙi Larai ta yafe mata tafiyar da ta yi ba sallama. Sannan ta zana Ra na daidai a gefen na Larai.

Larai ta daɗe tana kallon su biyun. Ta kwaikwayi na Malama sau uku har ya zauna, ta ce wannan za ta kai wa mata ran Litinin, a gyara na bangon rumbu. Malama ta ce to na buhun fa, a kawo fenti?

Larai ta ɗora jan hannunta a kan buhun.

"A'a, Malama, bar shi. Naki na aji ne. Wannan ni na je na samo shi."