Rigar da Ta Jira Masar

A gidanmu da ke unguwar Limancin Kona ɗinkin riga muka gada, kuma zaure shi ne wurin aikinmu. Mu shida ke zama bisa tabarmi, kowa ya jingina da bango, riga a cinya. Baba yana bakin ƙofa inda haske ya fi kyau, domin shi ke zana fasalin ado da alƙalami da tawada kafin kowa ya sa allura. Akwai wata al'ada da na tashi na tarar a zauren nan. In aka yi rasuwa a maƙwabta, kowa zai soke allurarsa daidai inda ya tsaya, a naɗe riga a ɗora bisa akwati, ba mai sake taɓa zare sai an dawo daga maƙabarta. Baba yakan ce allurar da za a iya nema don ɗinkin likkafani ba ta shagala da ado.

A shekarar da nake ba da labari saura shekara huɗu Turawa su miƙa mulki. Shekarata ashirin da biyu, kuma rabin hankalina ba ya zauren. Na koyi boko a ajin manya, daga nan na kamu da 'yan littattafan nan da ake bazawa a kasuwa, masu labarin jarumai da 'ya'yan sarakuna. Ina ɗinki ina ƙetare kogunan da babu su, ina sare kan dodo, ina miƙa wa gimbiya zobe. Gimbiyar kuwa tana nan da ranta, lungu uku tsakanin gidanmu da nasu. 'Yar aminin Baba ce, wanda duk unguwa ke kira Malam Akawu saboda yana aikin rubutu a ofishin Turawa, can bayan ganuwa. An riga an kai gaisuwa, sa rana kawai ya rage. Idan na je zance bayan la'asar nakan tafi da kalaman da na haddace daga littafi, ita kuma, da yake ta iya karatu, sai ta saurara har in gama, sannan ta gaya mini shafin da na ɗauko su.

Da damina ta ɗauke, Malam Akawu ya zo da wani aiki. Baturen ofishinsu zai ajiye aiki ya koma ƙasarsu, ma'aikata sun haɗa kai za su yi masa kyautar sallama, babbar riga mai aska takwas, wato adon ƙirji mafi cika da muke yi. Malam Akawu ya bugi ƙirji gaban Bature da sauran ma'aikata cewa amininsa zai gama ta cikin mako shida. Baba ya karɓa. Baturen dogo ne kamar giginya, don haka aka yanka rigar da tsawon da ban taɓa gani ba. Baba ya zana, ya riƙe asaken da kansa, ni kuma ya ba ni tambarin, wannan da'irar da ke gefen ƙirji. Ranar har ƙasa ba ta ɗauke ni ba don murna.

Mun ci mako uku muna aiki sai labari ya iso. Akwai wani tela kusa da kasuwa mai akwatin rediyo a shagonsa, a can aka fara ji cewa sojojin Isra'ila sun tsallaka iyaka sun shiga ƙasar Masar. Ba a yi kwana uku ba aka ce Ingila da Faransa sun shiga faɗan, jiragensu na sama suna zuba wuta, wai saboda mashigin ruwan nan da jiragen ruwa ke bi, wanda Masar ta ce nata ne. Wani malami mai jin Larabci ya kama tashar Masar, ya zo zaurenmu yana ba da labarin gidajen da suka rushe a wani gari na bakin teku, da mutanen da ake tonowa daga ƙarƙashin ƙasa.

Baba ya saurara har ƙarshe. Da malamin ya fita, sai na ga ya soke allurarsa a tsakiyar aska ta biyar, ya zare tawa daga hannuna ya soke ta a tambari, ya naɗe rigar ya ɗora bisa akwati. Sauran suka fara naɗe nasu, ya ɗaga musu hannu. Ya ce su ci gaba, masu waɗannan riguna ba su shiga gidan kowa ba.

Washegari Malam Akawu ya jingina kekensa a ƙofar zaure. Ni dai, da yake surukina ne, na koma lungu na sunkuyar da kai, amma kunnena na wurin. Da farko dariya ya yi. Ya tambayi Baba ko ya san tafiyar wata nawa ce daga Ƙofar Kibo zuwa Masar, da har ta zama maƙwabciyarmu. Baba ya miƙa hannu ya ɗauko wani littafi da ya sha jiki daga cikin gafakarsa, ya buɗe shafin farko ya nuna masa.

"Malam, duba inda aka buga shi, Masar ce. Da wannan na koyi alwala, da shi kai ma ka koya. Gidan da kake ɗebo wuta kullum, in ba maƙwabci ba, mene ne?"

Malam Akawu ya ce Baturen nan bai taɓa riƙe bindiga ba, takarda yake ci takarda yake sha. Baba ya ce shi ma bai ce zai yaga rigar ba, ajiyewa ya yi, kuma ranar da sojojin Ingila suka fita daga gidan mutane, ranar zai zare allura. Suka daɗe suna yi, murya ƙasa-ƙasa irin ta manya. Da Malam Akawu ya kama kekensa zai tafi, sai ya yi maganar da ta tsaya mini a ƙirji:

"Gidan da ba a riƙe alkawarin riga ba, ban san yadda zan kai amanar 'ya cikinsa ba."

Daga ranar na zama ɗan gidan telan nan mai rediyo. Ban taɓa damuwa da abin da ƙasashen duniya ke ciki ba, amma yanzu aurena yana hannunsu. Na ji an ce sun taru a babban zaurensu, kusan kowa ya ce a fita daga Masar. Na ji Rasha ta yi barazana. Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne Amurka, wadda muka ɗauka ita da Ingila uwa ɗaya uba ɗaya, ta juya mata baya. A zaurenmu aka fassara abin da harshen unguwa: ƙato ya haura katangar maƙwabci, dattawa sun fito, har ɗan'uwansa ya ce masa sauko. Tsofaffin da suka ga shigowar Turawa da idonsu suka riƙa girgiza kai, suna cewa ashe akwai mai tsawata wa Bature.

Bayan kamar mako guda aka ce an daina harbi. Malam Akawu ya zo da saurinsa, ko hularsa bai gyara ba, ya ce to Alhamdu lillahi, a sauko da riga. Baba ya tambaye shi ko sun fita. Ya ce ba su fita ba tukuna, amma za a kawo sojojin wasu ƙasashe su tsaya tsakani. Baba ya ce ai wanka aka yi wa gawa, ba a kai ta ba. Malam Akawu ya fita ba sallama.

Saura mako biyu. Na zauna na yi tunani irin wanda littattafaina suka koya mini: jarumi ba ya zuba ido a raba shi da masoyiyarsa. Ranar Juma'a Baba yakan wuce unguwar Gyallesu gai da yayarsa bayan an sauko daga masallaci, zaure kuma ba kowa. Na sauko da rigar, na zare allurata, na yi ɗinki kamar ana kora ta. Kafin la'asar na ci kusan rabin abin da ya rage na tambarin. Dabarata ita ce in riƙa yi a ɓoye, in ranar ta zo in fito da riga gamammiya, kowa ya yi mamaki, Malam Akawu ya rungume ni. Har na tsara abin da zan faɗa.

Da yammar nan na je zance ina tafe ina jin kaina. Na gaya mata abin da na yi saboda ita, na ƙara da wani kalami a kan wanda ya shiga wuta don fure. Ba ta gaya mini shafin ba. Ta murza bakin mayafinta, sannan ta ce:

"A littattafan naka, jarumin yakan jira mahaifinsa ya tafi Gyallesu?"

Ta ce babanta kwana biyu ba ya cin tuwo sosai, kuma tana tausayinsa, don shi zai tsaya gaban Bature. Amma ta ce tun da abin nan ya faru, in mata suka taru a gidansu ana maganar zauren da aka soke allura, sai ta ji kanta ya yi girma, don an san can za a kai ta.

"In ka ɗinke ta a ɓoye, wane gida ke nan za a kai ni?"

Ban tsaya sallama mai tsawo ba. Na koma zaure rana tana gab da faɗuwa, na ɗauki reza na bi ɗinkin nan ɗaya bayan ɗaya na warware. Wanda bai taɓa warware aikin hannunsa ba bai san zafin abin ba. Na tsince zaren tas, na mai da allura inda take, na naɗe rigar yadda na same ta.

Ranar sallama ta zo ta wuce. Muka ji cewa ma'aikata sun ba Bature wasu matasan kai na fata da buta ta tagulla. Malam Akawu ya daina biyowa ta lungunmu, ko a masallaci sai ya tsaya a wancan gefen sahu. Ba a ce an fasa auren ba, ba a kuma sa rana ba. Goggona ta ce in yi haƙuri, in an ƙi ni a nan akwai 'yan mata har Tudun Wada. Na daina sayen littattafai, don duk wanda na buɗe sai in ga a shafi na ƙarshe an ɗaura aure.

Sai da aka ƙara fiye da wata guda, an gama yankan dawa, sannan rediyo ta ce sojan Ingila na ƙarshe ya hau jirgin ruwa ya bar Masar. Da safe Baba ya yi alwala, ya sauko da rigar ya shimfiɗa a cinyarsa. Na ga yatsansa ya tsaya a kan tambarin. Zare ya fita, amma hujin allura ba ya ɓuya ga mai sana'a, ga su nan a jere kamar sawun tururuwa. Ya daɗe yana shafawa. Ni ne ɗansa na fari, ba ya kiran sunana, don haka bai dube ni ba, rigar ya yi wa magana.

"Wanda ya ɗinka nan yana da sauri. Wanda ya warware ya fi shi iya aiki."

Ya miƙo mini gefena. Mu shida muka taru a kanta, cikin kwana tara muka gama, aka kai wa mabuga suka buge ta har tana ɗaukar ido. Baba ya naɗe ta da kansa, ya ce in bi shi. Muka je gidan Malam Akawu, na tsaya daga waje inda nake jin su. Baba ya ce ga amanar ma'aikata, ta makara amma ta iso.

Sannan na ji Malam Akawu yana ba da labarin abin da bai gaya wa kowa ba. Ashe ranar sallama Bature ya tambaye shi ina rigar da aka yi ta yabo. Ya ce ya kwana yana shirya ƙaryar da zai yi, cewa maɗinkin ba shi da lafiya. Amma da ya buɗe baki gaban ma'aikata duka, sai ya ji kansa yana cewa an yi wa maƙwabcinmu rasuwa, kuma a garinmu ba a ɗinkin ado sai an binne. Bature ya tambayi wane maƙwabci, ya gaya masa. Ya ce Baturen ya yi ja har kunne, daga baya ya ce ko a ƙasarsu akwai da yawa da ba su yarda da abin ba. Malam Akawu ya ce bai taɓa jin tsayinsa kamar ranar ba. Fushin da ya yi ta yi, in ji shi, na ganin cewa sai da aminin nasa ya tura shi bango kafin ya san yana da wannan bakin.

Ba wanda ya san inda za a aika wa Bature riga, ma'aikata kuma suka ce wanda ya yi maganar shi ya cancanci sa ta. Ranar aurenmu kuwa, a zaman nan na Baba da Malam Akawu aka sa ta.

Ranar ɗaurin aure Malam Akawu ya fito cikinta. Shi gajere ne, rigar kuwa an yanka ta don giginya, sai ga ta tana sharar ƙasa, ya tattare hannuwan a kafaɗa har ba a ganin wuyansa. Abokan wasansa suka ce ko a ɗauko masa tsani. Baba ya ce a kawo a rage tsawon, aikin yini ɗaya ne. Ya ƙi. Ya ce yadda aka yanka ta haka za ta zauna, duk wanda ya tambayi dalili ya zo ya ji.

Tana nan a akwatin matata har yau, bakinta na ƙasa ya yi baƙi da jan ƙasar lungunan birni. In aka ɗaga ta a rana aka duba gefen tambarin da kyau, ana iya ganin hujojin nan ƙanana da zare na biyu bai rufe ba.