Ƙyallayen da Goggo Ta Wanke

A shekarar da ya kamata in gama digiri na biyu, aikina shi ne in lalata jini da gangan. 'Yan sanda kan tsinci riga mai jini bayan ta sha rana da ruwa, a kai ta ɗakin gwaji a nemi ƙwayar halittar mai jinin, wato DNA, a tarar ta rududduge. Ni kuma so nake in gano yadda daminarmu ke cinye ta sannu a hankali. Idan damina ta wuce ban samu sakamako ba, sai baɗi.

Na ɗiɗɗiga jinina a yankakkun fararen ƙyallaye. Gidanmu na Kankia ba ya rabo da baƙi, don haka na kai su ƙauyen Kaikai wurin Goggo, ƙanwar babanmu, wadda ke zaune ita kaɗai. Na ɗaure su jikin darni bayan rumbu, na yi mata bayani har bakina ya bushe, na ce kada a taɓa. Ta ce to.

A kai a kai nake hawa acaɓa cikin taɓo in je in ciro ɗaya. Da aka fara yankan gero na je kwashe na ƙarshe, waɗanda su ne zuciyar aikin. Darni wayam.

Sai ga Goggo da su a faifai, fari fat, a ninke, har da bula.

"Ɗiyata, jini ai najasa ne, kuma nan kusa nike salla. Ga mutane sun fara cewa sammu aka yi mani. Da omo da ruwan zafi na murje su, ko ɗigo ban bari ba."

"Goggo, ba na ce kada a taɓa ba?"

"Ke kika ce so kike su lalace. To, mi ya yi saura?"

Wallahi na ji kamar in yi ihu. Ita ta goya ni, ba dama in ɗaga mata murya, sai na zauna bakin turmi hawayen takaici na zuba. Nan ne jikinta ya yi sanyi. Ta shiga ɗaki ta ɗauko reza, ta miƙo mini ɗan yatsanta.

"Ungo, ɗebi nawa, ko nawa kike so."

Na riƙe hannun. Jini kam ina da shi. Ruwan sama ne ya ɗauke.