Fim Ɗin Malamin Firamare

Shekarar da mutanen arewacin jiharmu suka gudo Yola, na riga na daina wanke hoto. Waya ta kashe sana'ar. Sai dai ban rushe ɗakin duhuna da ke bayan gida a Alkalawa ba, kwalaben maganin wankin hoto ma suna nan a kan kanta.

Cikin waɗanda muka sauke a gidan akwai wani dattijo, malamin firamare daga wajen Michika, shi da matarsa da jaka ɗaya. Ɗansu, wanda bai daɗe da gama karatun jinya ba, sun rabu da shi a hanya cikin turmutsitsi.

Wata rana da hantsi malamin ya ciro tsohuwar kyamara daga jakar.

"Alhaji, an ce kai mai hoto ne. Akwai fim a ciki, fari da baƙi. Na ɗauki yaron ranar da ya karɓo takardar shaidarsa. Duk inda na je cigiya sai a ce ina hotonsa."

"Babu wani a waya, Malam?"

"Wayar tana hannun yaron."

Babu wuta tun jiya, ban kuma damu ba, don fim ba ya son haske ko kaɗan. Tankin wanki ya tsage tuntuni, sai na zuba magani a faranti, na rufe ƙofa, na toshe ƙasanta da tsumma. Makunnin farin kwan lantarkin da ke saman kaina ne kawai ban duba ba. Ni da na tsufa a wannan aiki.

Fim ya yi rabin nuna a cikin magani, sai aka kawo wuta. Ɗakin ya haske tar. Kafin hannuna ya kai bango, abin da zai faru ya faru.

Duk mai wankin hoto ya san wannan. Idan haske ya bugi fim yana tsakiyar magani, inuwa takan juye ta zama haske, kuma ba ta gyaruwa. Da na buga shi a kati, ga saurayi tsaye riƙe da takarda. Gashinsa fari fat, fuskarsa launin kwano, idanunsa babu baƙi. Wani baƙin layi ya zagaye kansa da kafaɗunsa kamar an bi da gawayi.

Malamin ya daɗe yana kallo. "Me ya same shi?"

"Zafi ne," na ce. "Fim ɗin ya sha rana a hanya."

Ya gyaɗa kai, har ya yi mini godiya.

Da wannan katin ya riƙa yawo. Ya je sansanonin 'yan gudun hijira, ya je tashoshin Jimeta, ya taka har Yolde Pate da ƙafa. Ya ce wata mata ta ture hannunsa, wai ba ta kallon hoton aljani. Da ya dawo ya roƙe ni in gyara ko idanun kaɗai. Na zauna da fensir na cike su. Matarsa ta duba sau ɗaya, ta ce waɗannan ba idanun ɗanta ba ne, ta koma ɗaki.

Sun yi shekara da wani abu a wurinmu kafin su koma. Yaron bai fito ba. Daga baya aka aiko mana malamin ya rasu. Na je gaisuwa, na zauna a tabarmarsa, na sha ruwan gidansa, ban faɗa wa matarsa cewa ni na ɓata fim ɗin ba.

Kwanan baya 'yata, wadda ke koyar da zane a sakandare, ta ga ragowar kati ɗaya cikin akwatina.

"Baba, kai ka yi wannan? Ai da gangan masu fasaha suke yinsa, har baje kolinsa ake yi. Duba, a waya ma dannawa ɗaya ne."

Ta ɗauke ni, ta danna, ta miƙo mini fuskata a juye. Ta ce in ba ta katin ta nuna wa ɗalibanta. Na ce ta mayar da shi inda ta same shi.