Takalman da Na Ɓoye a Ƙasan Jaka

Shekarun baya, a kakar da muka yi rashin mahaifina, na yi tafiyar ƙafa ta kwana uku a bayan garken shanu, daga Gehuru zuwa dajin Andarai.

'Yan shanunmu suna hannun wani dattijo makiyayi, aminin mahaifina tun suna samari. Duk shekara in garke zai tashi neman ciyawa, mahaifina kan raka su da ƙafa har masauki, don zumunci kawai. Da ya rasu, mahaifiyata ta ce da ni, "In ba wanda yat tahi bana, hanyag ga ta mutu ke nan tsakaninmu da su." Shi kuwa dattijon ya riga ya yi gaba a mota saboda ciwon gwiwa, ya bar saƙon kada a wahalar da ɗan boko. Wannan saƙo ya ƙona mini rai.

Na shiga kasuwar Jega na yi sayayya ta nuna isa: takalmi irin na sojoji, safa mai kauri, jakar goyo, kifin gwangwani, har da baƙin tabarau. Ina cikin shiri mahaifiyata ta miƙo mini tsofaffin takalman roba na mahaifina, ɗaya da liƙi a dunduniya, da ɗan man kaɗe.

"Haba Inna, wa ka sa wanga yanzu?"

"Ɗauka dai. Ba su ce ka ba su tuwo ba."

Na cusa su can ƙasan jaka don kada a gani.

Abokina, ɗan dattijon, shi ke jan garken. Kayansa sanda ne da malfa da gora da mayafi. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malam, yaƙi za mu ko kiwo?"

Ranar farko na yi taƙama har azahar. Daga nan ƙarangiya ta gano safata, ta manne ta ƙi fita, sabon takalmi kuma ya fara cizo. Rana ta biyu muka iso gulbi. Shanu ba sa jiran mai kwance igiyar takalmi, haka na afka ruwa da su. Na fito kowace ƙafa kamar na ɗaura mata turmi. Kafin la'asar dugadugaina sun kumbura sun fashe, na zube a gindin wata tsamiya.

Abokina ya daina zolaya. Ya ce, "Titin Maiyama bai da nisa. In kai ka, ka hau mashin ka koma gida. Ba mai jin zancen ga bakina."

Wallahi na so in ce to. Abin da ya hana ni shi ne tunanin yadda zan shiga gida in haɗa ido da mahaifiyata. Na zazzage jaka ina neman abin ɗaure ciwo, sai ga takalman roba sun faɗo. Na shafa man kaɗe, na naɗe ƙafa da tsumma, na zura su. Sun ɗan yi mini yawa, wanda hakan ya ba ciwon wurin shan iska. Takalman sojoji kuwa jakin da ke bin garken ne ya ƙarasa tafiyar da su a rataye.

Da hantsin rana ta uku muka isa, ina ɗingishi. Na durƙusa na gai da dattijon, amma ƙafata yake kallo.

"Tuɓe wanga in gani, ɗana."

Ya juya takalmin, ya shafa dunduniyar da babban yatsa.

"Liƙin ga ni niy yi mai shi, da wuƙa mai zahi, bakin gulbi." Ya share ido da gefen rawani. "Ashe dai ya rako mu bana ma."

Ni da ban yi kuka ranar jana'iza ba, a nan na yi shi, gaban shanu.

Tun daga lokacin na daina raina kayan da na ga masu hanya suna ɗauka, don ƙafarsu ta riga tawa sanin dajin. Duk kaka ina raka garken, jakata kuma kullum raguwa take. Takalman mahaifina suna ajiye a ɗakin mahaifiyata, na sayi nawa na roba. Bara dunduniyar ɗaya ta tsage a bakin gulbi. Sai na ga abokina ya hura wuta ya sa wuƙarsa a ciki.