Hoton Yaya a Tashar Illo

Ni na jawo wa Yaya wannan rigima, kuma ban taɓa musantawa ba. Shi manomin shinkafa ne a fadamar da ke bayan Illo, ni kuwa malamin makaranta ne mai waya a hannu, mai ganin ya fi kowa wayewa a gidan. Shekarar da fetur ya gagari masu injin ban ruwa, na ga tallar wani inji mai aiki da hasken rana a intanet, na wani kamfani da ke Ikko. Na yi ta yi wa Yaya daɗin baki har ya sayar da bijiminsa, na yi odar injin da wayata.

Mu mutanen bakin iyaka muna da wata ɗabi'a da ba mu ɗauke ta a bakin komai ba. A unguwarmu sabis ɗin Benin ya fi na Najeriya ƙarfi, don haka kusan kowa layi biyu gare shi, wanda ya kama da shi ake aiki. Ranar nan na Benin ne ya kama. Da shi na yi magana da kamfanin, shi na rubuta a gurbin lambar mai saye. Wajen adireshi kuma na sa abin da kowa ke sawa: a kawo tasha, a kira ni.

Da kayan suka iso, wakilin kamfanin ya ce ba zai miƙa ba sai ya ɗauki hoton mai karɓa. Yaya ya tsani hoto kamar me. Daga gona ya taho, taɓo har gwiwa, hula a karkace. Ya tsaya gefen kwalin yana harara, aka ɗauka, muka ɗora kaya a amalanke. Har muka isa gida yana mita, wai na sa an mai da shi abin kallo.

Injin ya yi aiki mako guda da 'yan kwanaki, ya mutu murus, daidai lokacin da shinkafa ta fara ciki. Na kira kamfanin, suka ce in aiko bidiyo. Na aika. Suka ce in sake aikowa. Daga nan suka daina ɗaga waya. Wani maƙwabci ya tausaya wa Yaya, yana ara masa injinsa duk bayan kwana uku, da sharaɗin shi da kansa zai tsaya a kai. Ruwan bai isa gonar duka ba. Kullum na bi ta wurin sai in ga gefen tudu yana ƙara ja, kunya ta rufe ni.

Akwai wata lauya a Birnin Kebbi da na taɓa koyarwa a aji. Ita ta shigar mana da ƙara a kotun Bagudo, ƙaramar hukumarmu, ta nemi izinin kai sammaci har Ikko. Amsar kamfanin ta zo a gajarce: kotun ba ta da hurumi a kansu. Ba su da shago a Kebbi, ba su da ofis, ba su da ma'aikaci. Lambar mai sayen ma ta Benin ce, su a saninsu wani baƙo ne daga ƙetare ya karɓi kayansa a bakin iyaka. Mai ƙorafi ya same su a Ikko.

Na karanta wa Yaya a bakin gona.

"In bar shinkahwa in tahi Ikko?" in ji shi. "Wa zai tsaya ma injin aro? Ni ban san Ikko ba, Ikko ba ta san ni ba. Kai da kas sayo shi, kai ka san yadda za ka yi."

Ban ji haushinsa ba, gaskiya ya faɗa. Na koma wa lauyar.

"Malam," ta ce, "kotu ba ta janyo mutum daga wata jiha haka kawai. Sai mun nuna cewa su sunka kawo cinikinsu nan, da saninsu, kuma nan anka miƙa kaya. Takardar odar da ke hannunka tasha kawai ta ce. Wace tasha?"

Ina da zuciya, wannan kowa ya sani a gidanmu. Da na dawo sai na buɗe shafin kamfanin da niyyar in zazzaga musu rashin mutunci a bainar jama'a. Ina cikin neman wurin da zan rubuta, sai ga Yaya a shafin. Taɓo har gwiwa, hula a karkace, harara kamar zai cinye mai hoton. Sama da kansa kuwa ga allon tasha, sunan gari da na jiha sun fito raɗau. A ƙasa sun rubuta da Hausa, don su jawo irinmu, cewa ga shi sun iso har Illo ta Jihar Kebbi, manoman Kebbi su yi oda a kawo musu. Na fasa zagin. Na ɗauki hoton shafin kafin su farga, na tura wa lauyar.

Ranar zama, alƙali ya dubi hoton shafin da aka buga a takarda, ya ɗaga kai ya dubi Yaya, ya sake duban takardar. Ya tambayi lauyan kamfanin ko shafin nasu ne. Lauyan ya ce nasu ne. Ya tambaye shi ko Illo a Benin take. Lauyan ya gyara rigarsa, ya ce a'a. Alƙali ya ce wanda ya kawo hajarsa gari, ya yi shela cewa ya zo, ba zai juya ya ce garin bai san shi ba idan an neme shi. A nan za a saurari ƙarar.

Ba a ma kai ga sauraron ba. Kamfanin ya nemi sulhu, ya aiko da sabon inji. Gefen tudu dai ya riga ya tafi, kusan sulusin gonar, kuma har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci, domin layina ne ya ba su ƙofar da suka ja mana lokaci. Sauran shinkafar ta rayu.

Mun je tasha karɓar sabon injin, wannan karon Yaya ya sa farar riga. Wakilin ya fito da waya yana 'yan kame-kame, ya ce in Yaya ba ya so a bar hoton. Yaya ya ja kwalin da kansa har gindin allon, ya gyara hula, ya tsaya ƙyam.

"Ɗauka," in ji shi. "Matsa baya kaɗan. Ka tabbata sunan garin ya hito."